Daga hargitsi zuwa sahu: yadda zafi ke shuka kiristal a cikin gilashin waya

A watan Oktoban 2020, ranar da kamfanin Apple ya gabatar da iPhone 12, hankalin yawancin masu kallo ya tafi ne kan 5G da sabon fasalin gefen wayar. Amma a tsakiyar bayanin an ambaci wani abu da ya shafi duk wanda waya ta taɓa suɓuce masa ta daki siminti. Kamfanin ya ce fuskar wayar an yi ta ne da wani sabon gilashi mai suna Ceramic Shield, wanda ya samar tare da kamfanin Corning na Amurka, kuma a cewarsa ya ninka na wayoyin baya sau 4 wajen tsira daga faɗuwa.

Yadda ake yin gilashin shi ne abin lura. Bayan an narkar da shi an bar shi ya huce, sai a sake mayar da shi cikin tanderu a gasa, har wasu ƙananan kiristal su tsiro a cikin jikinsa. Ƙanƙantarsu ta kai ga ido ba ya ganinsu, haske ma wucewa yake yi ta tsakaninsu kamar babu komai a wurin.

Tun daga nan sauran kamfanoni suka biyo baya. Huawei ya fito da Kunlun Glass a kan Mate 50 a 2022, Xiaomi ma ya yi nasa, sannan Samsung ya sa Gorilla Armor 2 na Corning a fuskar Galaxy S25 Ultra a farkon 2025. Sunayen sun bambanta, amma dabarar guda ce, kuma ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Idan aka ɗumama abu mara tsari daidai gwargwado, ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa sukan bar zaman hargitse su shiga layi. Wahalar aikin tana wajen sanin inda za a tsayar da su.

Yashi da gilashi, uwa ɗaya uba ɗaya

Mafi yawan abin da ke cikin yashin rafi wani ma'adini ne da ake kira kwaz. Sinadarinsa shi ne silika, wato zarrar silikon ɗaya ga zarrar oksijin biyu. Tsantsar gilashi ma silika ce. A cikin dukansu biyu, kowace zarrar silikon tana zaune ne a tsakiyar oksijin huɗu. Wanda ya leƙa maƙwabtan zarra guda kawai ba zai iya cewa ga yashi ga gilashi ba.

Sai an ja da baya ake ganin bambancin. A cikin kwaz, wannan ɗan gini yana maimaita kansa a jere, tazara iri ɗaya, kusurwa iri ɗaya, sau miliyoyi. Abin da kimiyya ke nufi da kiristal ke nan. A cikin gilashi kuwa kowane ɗan gini ya ɗan karkace daga na kusa da shi, ta yadda kafin a ƙirga biyar ko shida jerin ya watse. Masanin kimiyya William Zachariasen ne ya zana wannan hoton a 1932, kuma har yau da shi ake koyarwa.

Filin Idi ya isa misali. Kafin a tayar da sallah jama'a a warwatse suke, kowa da tazararsa tsakaninsa da na kusa da shi, amma babu layi. Da an tayar, mutanen nan dai su ne, filin ma shi ne, sai dai yanzu an yi sahu. Abu mara tsari shi ne filin kafin sahu.

A wajen zarra, zaman sahu ya fi sauƙi, domin shi ne ke buƙatar ƙarancin makamashi. Da so samu ne, duk gilashin duniya da ya koma kiristal. Abin da ya hana shi ne an sanyaya shi da sauri, zarrar ta sandare a inda sanyi ya riske ta. Duwatsu sun tabbatar da haka: baƙin gilashin da aman wuta ke samarwa ba kasafai ake samun wanda ya daɗe sosai a tarihin ƙasa ba, saboda a cikin miliyoyin shekaru yakan rikiɗe a hankali ya zama kiristal. Tanderu yana taƙaita wannan tafiyar ne ta koma ta awanni. Zafi na sa zarra rawa a mazauninta, kuma idan rawar ta yi ƙarfi, takan iya kuɓucewa ta matsa ɗan taku zuwa gurbin da ya fi dacewa da ita. Ba sai abin ya narke ba.

Sai da iri ake tsiro

Sahu ba ya faruwa a ko'ina lokaci guda. Wasu 'yan kaɗan ne ke fara daidaita kafaɗa, saura su jingina da su. A cikin abu mai zafi ma haka ne: zarra goma ko ɗari sukan yi katarin jeruwa, su zama ɗan iri.

Yawancin irin nan mutuwa yake yi nan take. Dalili kuwa shi ne, ko da yake cikin irin ya samu sauƙi, fatarsa, inda tsari ya haɗu da rashin tsari, tana cin makamashi. Idan irin ya cika ƙanƙanta, kusan dukansa fata ne, asarar ta fi ribar, sai ya wargaje. Wanda ya yi sa'ar haura wani girma, sau da yawa nanomita ɗaya zuwa 'yan kaɗan, shi ne ke rayuwa ya ci gaba da jan zarrar da ke kewaye da shi. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin mutum guda yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000.

Nan ne injiniyoyi suka samu madafa. Zafin da iri ya fi yawan fitowa a cikinsa ya yi ƙasa da zafin da kiristal ya fi saurin girma, abin da masanin Jamus Gustav Tammann ya yi nazari a kai tun farkon ƙarni na 20. Saboda haka ake gasawa hawa biyu. A hawan farko a riƙe gilashin a matsakaicin zafi na wasu awanni, iri ya fito birjik ba tare da ya girma ba. A hawa na biyu a ƙara wuta, dukansu su girma tare. Da yake sun yi yawa, kowanne yakan ci karo da maƙwabcinsa tun yana ƙarami, kamar gero da aka shuka a cunkushe. Wanda ya tsallake hawan farko ya zarce babban zafi zai samu manyan kiristal 'yan kaɗan, galibi daga bakin gilashin suke farawa, kuma abin da ya fito yakan zama mai gautsi.

Kuskuren da ya buɗe ƙofa

Shekaru aru-aru masu sana'ar gilashi sun ɗauki fitowar kiristal a matsayin ɓarna, domin yana dusashe kaya ya sa su tsagewa. Labarin ya canza ne a 1953 a ɗakin binciken Corning da ke jihar Niyok.

Wani masanin sinadarai mai suna Donald Stookey ya sa wani ɓallin gilashi mai sinadarin lithiyam a tanderu, da nufin ya kai digiri 600 a ma'aunin Salsiyas. Na'urar daidaita zafin ta samu matsala, wuta ta haura zuwa digiri 900. Da ya buɗe yana tsammanin narkakken gilashi ya ɓata masa tanderu, sai ya tarar da ɓallin yana nan da siffarsa, amma ya koma fari fat kamar madara. Garin ciro shi ya suɓuce daga awartaki ya faɗi ƙasa. Maimakon ya tarwatse, sai ya yi ƙara irin ta ƙarfe ya yi tsalle.

Gilashin da ya yi amfani da shi na ɗauke da burbushin azurfa ƙanana ƙwarai, kuma su ne suka zama wurin da kiristal ya kama ya tsiro a ko'ina cikin ɓallin lokaci guda. Daga baya Stookey ya gano cewa sinadarin titaniya yana yin wannan aikin a cikin nau'o'in gilashi da yawa. Kamfanin ya raɗa wa sabon abin suna Pyroceram. An yi hancin makamai masu linzami da shi, kuma a 1958 ya shiga ɗakunan girki da sunan CorningWare, tukwanen da ake ɗaukowa daga firji a ɗora kan wuta ba su fashe ba.

Kamfanin Schott na Jamus ya kai dabarar wani matakin da Zerodur. Kimanin kashi 70 cikin 100 na jikinsa kiristal ne masu faɗin da bai wuce nanomita 50 ba, waɗanda ke ɗan tsukewa idan sun ji zafi, yayin da ragowar gilashin ke buɗewa. Ɗaya na soke ɗaya, sai abin ya zauna daram ko yanayi ya canza. Da shi ake yin ɓangarori 798 na babban madubin na'urar hangen taurarin da Turai ke ginawa a hamadar Atakama ta ƙasar Chile. Baƙin farantin da ke saman murhun lantarki na zamani ɗan uwansa ne.

Me ya sa fuskar waya ba ta yi fari ba?

Ɓallin Stookey fari ya fito, kuma babu mai sayen wayar da fuskarta ta yi kama da farantin tangaran. Farin ya samo asali ne daga yadda kowane kiristal ke karkatar da hasken da ya buge shi, dalilin da ya sa hazo ke rufe hanya.

Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700. Idan kiristal ya kusanci wannan girman, haske zai yi tuntuɓe da shi. Idan ya yi ƙasa sosai, kamar nanomita 20 ko 50, haske kusan ba ya sanin da zamansa. Lissafin yana da tsauri: a wannan matakin, rage faɗin kiristal da rabi na rage hasken da yake watsawa har sau 64. Ƙarin 'yan digiri ko 'yan mintuna a tanderu na iya raba gilashi garau da gilashi mai hazo. Hanya ta biyu ita ce zaɓen nau'in kiristal da ke lanƙwasa haske kusan daidai da gilashin da ya kewaye shi, ta yadda iyakar da ke tsakaninsu ba za ta fito ba. Takardun mallakar fasaha na Corning sun yi bayanin gilashin da ya haɗa kiristal iri biyu masu lithiyam don cimma haka.

Amfanin kiristal ɗin yana bayyana ne lokacin da waya ta faɗi. Tsaga a cikin gilashi na yau da kullum ba ta da abin da zai tare ta, tana miƙewa ne daga wannan gefe zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. A cikin gilashi mai kiristal dole ta riƙa kwana tana zagaye, kowace kwana na rage mata ƙarfi. Bayan haka kuma akan tsoma gilashin a narkakken gishiri mai zafin kusan digiri 400, inda manyan zarra irin su fotasiyam ke kutsawa gurbin ƙanana a saman fatarsa. Fatar sai ta matse, ƙaramar tsaga ta kasa buɗe baki.

Akwai abin da talla ba ta cika nanatawa ba. Jure faɗuwa daban, jure ƙarzuwa daban. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, kwaz na kan mataki na 7, kuma gilashin waya, har da mai kiristal, bai kai nan ba. Ƙurar hunturu da yashin da ke maƙalewa a aljihu cike suke da kwaz. Wayar da ta tsira daga faɗowa daga kan babur tana iya cika da zane-zane a cikin wata guda saboda an riƙa goge ta da gefen riga mai ƙura.

Haka nan sikirin gad ɗin da ake sayarwa da arha da sunan "seramik" bai haɗa komai da wannan fasahar ba. Akasarinsa roba ce mai lanƙwasuwa da ba ta taɓa shiga tanderu mai ɗaruruwan digiri ba. Mai kai waya gyara shi ma ya dace ya tambaya ko fuskar da za a sa masa ta asali ce, don ido ba ya bambance gilashi mai kiristal da wanda ba shi da shi.

Idan burbushin ya tsaya da kansa

A cikin gilashi, kiristal na girma ne a tsakiyar wani abu mai ƙarfi. Amma masana'antu da dama suna farawa ne da gari: burbushin ma'adini mai faɗin nanomita kaɗan, wanda aka haɗa a cikin ruwa. Irin wannan burbushin sau da yawa mara tsari yake fitowa, jiƙe da ruwan da ya maƙale tsakanin zarrarsa. A nan dokokin sukan ɗan juya, saboda ƙwayar da faɗinta bai wuce nanomita 3 ba, kusan rabin zarrarta a kan fata take.

Titaniya, farin sinadarin da ke cikin fenti da man kare fata daga rana, ita ce aka fi nazari a kai. Idan aka ɗora garinta mara tsari a wuta, ruwa ne ke fara fita. Tsakanin digiri 300 zuwa 400 sai ta jeru ta zama wani nau'in kiristal da ake kira anatas. Idan aka ci gaba da ƙara wuta aka haura wajen digiri 600, anatas ya fara rikiɗewa zuwa wani nau'in mai suna rutayil, wanda ya fi shi cunkushewa.

A babban dutse, rutayil ne ya fi zama daram. To me ya sa anatas ke riga shi fitowa? A 1998 Hengzhong Zhang da Jillian Banfield suka nuna cewa idan ƙwayar ta gaza kimanin nanomita 14, anatas ne ke da rinjaye, domin fatarsa ba ta cin makamashi kamar ta rutayil. Wato girman ƙwayar ne ke yanke hukuncin irin sahun da za a yi. Zafi kuma ba jera zarra kawai yake yi ba, yana manne ƙwayoyin da juna su zama manya, kuma da sun haura wancan girman sai lissafin ya koma hannun rutayil. Tun a 1897 Wilhelm Ostwald ya lura cewa abubuwa kan bi ta irin waɗannan zangon kafin su kai masaukinsu na ƙarshe.

Wannan ba zancen ɗakin bincike kaɗai ba ne. Anatas ne ya fi iya amfani da hasken rana wajen ruguza datti, shi ya sa ake shafa shi siriri a kan gilashin taga mai wanke kansa, irin Activ da kamfanin Pilkington ya fitar a 2001. Shi ne kuma ginshiƙin farantin sola mai amfani da rini da Brian O'Regan da Michael Grätzel suka bayyana a 1991, wanda ake gasa shimfiɗar titaniyarsa a kusan digiri 450. Wannan zafin ne ma ya zama ƙarfen ƙafa ga masu son buga irin wannan farantin a kan leda mai naɗuwa, domin ledar ba ta jure ko rabinsa.

Halittu kuwa sun riga injiniyoyi sanin amfanin fara gini da abu mara tsari. A 1997 masu bincike a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila suka nuna cewa 'ya'yan wata halittar teku mai ƙaya suna fara tara sinadarin alli ne mara tsari, su ba shi siffar da suke so, sannan ya rikiɗe ya zama kiristal, duk a cikin ruwan teku mai sanyi. Idan aka busar da irin wannan garin allin a ɗakin gwaji, sai an kai shi wajen digiri 300 kafin ya yi abin da halittar ke sa shi yi ba tare da wuta ba.

Ta yaya ake sanin an yi sahu?

Hanya mafi sauƙi ita ce auna zafi. Lokacin da zarra ta faɗa gurbinta, takan saki makamashin da ta daɗe tana riƙe da shi. Na'urar da ke ɗumama samfur a hankali tana lura da shi za ta ga wani wuri da samfurin ya fitar da zafi da kansa, kuma wannan ne lokacin jeruwar.

Hanya ta biyu hasken eksire ne. Abu mara tsari yana ba da zane mai faɗi kamar tudun yashi, kiristal kuwa yana ba da tsinaye masu kaifi, kowane ma'adini da jerin nasa. Faɗin tsinin ma magana yake yi: a 1918 Paul Scherrer ya fitar da lissafin da ke nuna cewa iya ƙanƙantar kiristal, iya faɗin tsininsa. Yanzu kuma akwai na'urorin ƙara girma masu amfani da lantarki da ke ɗumama ƙwaya guda suna ɗaukar bidiyonta yayin da layukan zarra ke bayyana.

A ƙarƙashin gilashin ma haka zancen yake

Kowane ɗigon haske a fuskar waya yana da ƙananan makunnai na silikon da ke sarrafa shi. Silikon ɗin da ake fesawa a kan gilashi mara tsari yake sauka, kuma lantarki na tafiya a cikinsa da ƙyar. Idan ya zama kiristal, saurin kan ninka kusan sau 100, abin da ke ba da damar ƙanƙanta makunnan a cusa ɗigo masu yawa a ɗan wuri.

Matsalar ita ce, gasa shi a tanderu na buƙatar kusan digiri 600 na tsawon awanni masu yawa, kuma gilashin da ke ƙarƙashi zai lanƙwashe. Mafitar da aka samu ita ce leza. Ana harba haske mai zangon nanomita 308 na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Shimfiɗar silikon ɗin, mai kaurin kusan nanomita 50, ta narke ta sake daskarewa a jere kafin zafin ya ratsa zuwa gilashin. Haruffan LTPS da ake gani a jerin bayanan waya wannan aikin suke nufi.

Waɗanda suka yi zamanin faifan CD-RW sun riƙe wannan kimiyyar a hannunsu ba tare da sun sani ba. Leza mai ƙarfi na narkar da ɗan ɗigo a jikin faifan, ya huce da sauri ya zama mara tsari, ya daina mayar da haske sosai. Wannan shi ne rubutu. Don gogewa, sai leza mai matsakaicin ƙarfi ta ɗumama wurin ba tare da ta narkar da shi ba, zarra ta koma sahu. Tushen dabarar binciken Stanford Ovshinsky ne na shekarun 1960, kuma faifai guda kan jure irin wannan kai-komon kusan sau 1,000.

Inda kiristal ke zama matsala

Ba kullum ake maraba da sahun ba, kuma misalin da ya fi kusa yana bayan injinan casar shinkafa a wurare irin su Kura ta jihar Kano da garuruwan Kebbi da Jigawa, inda ɓuntu ke taruwa tuli-tuli.

Shinkafa na zuƙar silika daga ƙasa ta ajiye a cikin ɓuntunta a matsayin burbushi ƙanana marasa tsari. Ɓuntu kusan kashi 20 ne cikin 100 na nauyin shanshera, kuma idan aka ƙona shi, kusan kashi 20 nasa ke zama toka. Tokar nan kashi 85 zuwa 95 silika ce. Muddin silikar ba ta jeru ba, tana da kuzarin haɗuwa da sinadarin da siminti ke saki yayin da yake kamawa, ta ƙara wa kankare ƙarfi da toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Tun shekarun 1970 Farfesa P. K. Mehta na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi aiki a kan yadda za a ƙona ɓuntu don a samu irin wannan tokar, wadda ke iya maye gurbin wani kaso na siminti. A ƙasar da farashin buhun siminti ke hana mutane kammala gini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sharaɗin shi ne wutar ta tsaya tsakanin digiri 500 zuwa 700. Da ta haura 800 zuwa 900 ta daɗe a can, silikar ta fara jeruwa ta zama kiristal mai suna kiristobalayit. Fotasiyam ɗin da ke cikin ɓuntun yana ƙara hanzarta hakan, shi ya sa masu neman tsantsar silika ke wanke ɓuntun da ruwan asid kafin ƙonawa. Tokar da ta jeru ta rasa kuzarinta, a cikin kankare ba ta fi yashi amfani ba. Mafi muni kuma, ƙurarta tana lahanta huhu idan aka daɗe ana shaƙa, kuma tun 1997 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar silika mai kiristal da ake shaƙa a wurin aiki cikin jerin abubuwan da ke haddasa kansa ga ɗan Adam.

Tulin ɓuntun da aka cinna wa wuta a fili ya yi kwanaki yana ci ba shi da mai daidaita masa zafi. Gefensa na iya zama bai ƙone sosai ba, tsakiyarsa kuma ta zarce iyaka. Launin tokar ba ya isa shaida, domin fara tana iya zama ko wacce daga cikin biyun. Masu son sayar da ita ga masu buga bulo suna buƙatar murhu mai ma'aunin zafi da hanyar sarrafa iskar da ke shiga, da kuma kai samfur ɗakin gwajin da ke da na'urar eksire lokaci zuwa lokaci, a duba ko zanen na nan a tudun yashinsa ko tsinaye sun fara fitowa.